Ranar da Autarmu Ta Kwance Rawani

Ni kayan gwanjo nake saidawa a zauren gidan Babanmu, tun da aurena ya mutu na dawo gida. Dila takan zo mini daga Damagaram, in yanke igiya in baje a tabarma. Matan aure su tsince na yara. Abin da ya rage kuwa, wandunan jin masu faɗin da mutum biyu za su shige, da mayo na ƴan ƙwallo, da takalman basket masu kauri kamar burodi, samarin kartiyenmu, wato unguwarmu, ke wawashe su. Shekarun nan ne da zinariya ta ɓullo a arewa, Agadas ta cika da moto, wato babura, da manyan bafil, lasifikokin nan masu girgiza bango, kowane lungu ya kafa ƙungiyarsa ta rawa. Ba irin rawar biki ba, wadda mace za ta ɗaga hannu ta karkaɗa kafaɗa a yi mata guɗa. Wannan ta ƙasa ce: a dafa hannu a juya, a tsaya da ka, a karya jiki kamar babu ƙashi a ciki.

Samarinmu sai suka ƙara nasu a kai. Wando na gwanjo, mayo na gwanjo, sannan a ɗora rawani a ja amawali har bisa hanci, ido kaɗai a waje. Wai don duk wanda ya ga bidiyonsu a Yamai ya san daga inda suka fito. Ni dai na ce zafin garin ne bai ishe su ba.

Autarmu a lokacin tana lise, babbar sakandare, siririya, ba ta da yawan magana, amma in ta kafe ko igiya aka sa mata ba ta motsi. Tun tana ƙarama in ana daka a gida ƙafarta ke bin taɓarya. Samarin layinmu suna gwaji bayan la'asar a wani kango da mai shi ya tafi neman zinariya ya bar shi ba rufi, kuma daga saman ɗakinmu ana hango tsakiyarsa. Can take hawa wai za ta yi shanya, ta sauko ta kulle ɗaki, sai dai in ji dif-dif, ƙasar bango na zubowa. Wata rana ta shigo zaure ta ɗaga wani wando ta gwada a ƙugu, ta zari jan takalmi, ta ce, "Yaya, naɗa mini rawani."

Na ce, "Rawanin me, ana zaune ƙalau?"

Ta ce, "Kin iya ai."

Na iya kuwa. Tsohon mijina mutumin Dabaga ne, inda namiji ba ya rabuwa da rawani, kuma naɗi shi ne kaɗai abin kirkin da na fito da shi daga gidansa. Na yi ta faɗa, na ce Baba zai yanka mu, na ce za ta karya wuya ta bar ni da jinya, tana tsaye da ƙyalle a hannu kamar ba da ita nake ba. Ƙarshe na danne kitsonta da hular saƙa, na naɗa mata baƙin rawani tamau, na soke shi ta baya da allura mai makulli don ko ta tsaya da ka kada ya zame. Ta fita tana wani buɗa ƙafa wai tafiyar maza. Na yi dariya har na ƙware.

Shugaban ƙungiyar wani dogo ne mai gyaran salula, tare suka yi makarantar allo da ita. In ji ta, ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "Baƙo, shiga layi."

Kada wani ya ɗauka ɓad-da-kama ta yi aka kasa gane ta. A Agadas? Garin da ake gane mutum da tarinsa ta bayan katanga? Kowa ya sani tun makon farko. Mai fanke ta bakin layi takan ƙara mata ɗaya ta ce, "Samari, a gaida Inna, ya ƙafar tata?" Inna kuwa takan tsinci baƙin rawanin cikin kayan wanki, ta wanke shi tas ta shanya kusa da rigunan Baba, ba ta taɓa tambayar na wane ne ba, a gidan da babu ɗa namiji ko ɗaya.

Baba robobi da bokitai yake saidawa a kasuwa. Mutum ne na sahun gaba a masallaci, ba ya dariya haƙori a waje. Tun da na yi wayo ta gaban kangon nan yake dawowa gida a kan motonsa. Daga lokacin sai ya koma zagayawa ta bayan lekol, wato makarantar boko, ya ce yashi ya yi yawa a layin.

Ban taɓa jin wanda ya faɗi yadda abin yake ba, amma kowa yana tafiya a kansa. Muddin fuska a rufe take, ba wanda ya ga ƴar Alhaji tana birgima a ƙasa gaban maza. Tun da ba wanda ya gani, ba wanda zai tako ya ba shi shawara. Tun da ba a ba shi shawara ba, bai zame masa dole ya hana ba. Kuma a garin nan ba a ce wa namiji ya sauke amawali a ga fuskarsa, rashin kunya ne babba.

Sau ɗaya aka kusa ɓata. Wani baƙo da ya kama haya a layinmu, sabon zuwa, ya zauna majalisar Baba a ƙofar gida ana shan shayi, ina jin su ta zaure. Ya fara, "Alhaji, wai yaron nan mai jan takalmi, na ji ana cewa…" Wani tsohon maƙeri, aminin Baba, ya tare shi. Ya ce, "Ka ga fuskarsa?" Baƙon ya ce a'a. Ya ce, "To sha shayinka, yana hucewa." Baba bai ɗago ba, yana ta gyara gawayi.

Haka aka yi ta tafiya, kuma yarinya ta iya, wannan ba son kai ba ne. Sauran ƙarfi suke nunawa, su faɗi tim su tashi. Ita kuwa ba a jin saukarta. Takan bar kiɗa ya wuce ta kaɗan, har a ce ta ɓace, sai ta cim masa a daidai inda ba a zata ba, fili ya ɗauki ihu. Gari ya sa mata suna Jan Takalmi. Bidiyonta ya kai Arlit, ya kai Yamai, ƴan mata suna turo wa ƙungiyar saƙo suna neman lambar yaron. Cinikina ma ya buɗe, don duk ɗan da ya shigo zaure jan basket yake tambaya.

Nan matsalar ta faro. A ƙungiyar akwai wani yaro mai tsawonta da sirantarta. Ya zo ya sayi jan takalmi a wurina, na sayar masa, ai sana'a nake. Bai taɓa cewa shi ne ba, amma in ƴan mata suka nuna shi a kasuwa yakan ja amawali sama ya yi wata tafiyar ƙasaita. Auta ta gan shi da idonta ana ɗaukar hoto da shi a bakin tasha, ita tana wucewa da hijabi da jakar lekol. Ta dawo gida ba ta ci tuwo ba.

Daga nan ta canza. In ina naɗa mata sai ta yi ta tsaki, wai na matse, wai ba ta shan iska, alhali naɗin jiya ne na yau. Da hutun bakans ya zo aka sa konkur, wato gasar rawa, na ƙungiyoyin kartiye-kartiye, kowa na shiri. Ana saura kwanaki kaɗan, ina naɗi tana zaune a bakin gado, ta ce, "Yaya, in muka ci zan kwance."

Na ce, "Ki kwance me?"

Ta nuna kanta.

Na saki ƙyallen na zagayo gabanta. Na ce, "Ke, lafiyarki? Rawa kike so, ga rawa. Gari guda ya haɗa baki ya ba ki abin da ba a taɓa ba wata ƴa mace ba. Mai fanke na rufa miki, maƙeri na rufa miki, Baba na zagaye kamar mai gudun ɗan sanda. Me kuma kike nema?"

Ta ce, "Ba ni suka ba ba. Wani yaro suka ba, kuma yaron babu shi."

"To in kin kwance Baba zai hana ki. Shi ke nan an gama, ki koma daka."

"Ya hana. In ya hana, na san dai ni ya hana."

Na ce wannan maganar ƴan lekol ce, ba ta cika ciki. Na ce ta tuna Inna da hawan jininta. Na ce in dai suna take so in rubuta mata shi a bayan mayo da fenti. Ta juya mini ƙeya in ci gaba da naɗi, ni kuma na san ta kafe. Abin da take so ɗaya ne: a dubi fuskarta a ce ita ce ke rawar, ko da daga ranar ba za ta sake taka ƙasa ba. Na ga wauta ce, har yau ma ban ce ba wauta ba ce.

Ranar konkur da azahar ta zauna na naɗa mata. Da na ɗauko allura ta riƙe hannuna ta ce, "Yau ban da ita." Na mayar da allurar cikin gwangwani. Na cusa bakin rawanin ta ciki yadda zai riƙe har a gama, na rufe zaure, na yafa mayafi na bi bayanta.

A wani fili aka yi, bayan la'asar. An shimfiɗa tapi, wata ƙatuwar darduma, a tsakiya, an jera kujeru a gaba don alƙalai da manyan kartiye, bafil a kowane gefe, yara a kan katanga kamar tsuntsaye. Mata muna gefe guda a tsaye. Baba ba ya zuwa irin wannan wuri, amma na hango ƙaninsa a kujerun gaba, ga tsohon maƙerin nan kusa da shi. Mai riƙe da mikro wani ɗan gayu ne, yana zuba Faransanci da Hausa a haɗe, in ya ce "On y va!" yara su amsa.

Aka yi ta fafatawa har aka rage ƙungiya biyu, tamu da ta wata tsohuwar unguwa ta kusa da babban masallaci. Kowane gefe aka ce ya fitar da mutum ɗaya. Nasu ya fito ya yi abin da ya iya, ƙato ne, ya juya a ka har hularsa ta tashi. Sannan dogon nan ya tura Auta. Ni na saba ganin rawarta, amma ranar kamar faɗa take da ƙasar. Ba ta yi wasan jinkirin da ta saba ba. Ta shiga kiɗan gaba-gaɗi, ta sauka a hannu ɗaya, ta juya, ta tashi, ta ƙare a tsaye cak tare da bugun ƙarshe. Kafin alƙalai su ɗaga hannu fili ya riga ya yanke hukunci. Salula sama ko'ina, ana ta "Jan Takalmi! Jan Takalmi!"

Ta koma tsakiyar tapi, ta kai hannu bayan kai ta zaro bakin rawanin.

Rawani dogon abu ne, ba a cire shi kamar hula. Ta dinga warwarewa zagaye bayan zagaye, ƙyallen na taruwa a ƙafarta. Ihun ya fara raguwa tun daga kujerun gaba. Amawali ya faɗi. Ta cire hular saƙar ta yar, kitson da na yi mata shekaranjiya ya fito, ga ƴan kunnenta. Ta ɗaga kai tana haki, gumi na bin wuyanta.

A nan garin, in rawanin mutum ya kwance cikin jama'a ba a kallonsa. Kowa sai ya sami abin dubawa a ƙasa har ya gyara. Ana koya wa yaro wannan tun bai san hagu da dama ba, kuma ba wanda yake tunani kafin ya yi. Abin da fili guda ya yi ke nan. Ƙanin Baba ya sunkuya yana duba takalminsa. Maƙeri ya ciro carbi. Alƙalai suka haɗa kai kamar wata shawara ta taso musu. Salulan nan da ke sama suka sauko, shi ya sa duk bidiyon ranar da ya yawata a gari yashi da ƙafafun mutane ne ƙarshensa. Mai mikro ya juya baya yana yi wa mai kiɗa faɗa a kan wata wayar kuran, ta lantarki. Wani yaro a kan katanga ya yi fito, aka dungure masa kai. Wata mata kusa da ni ta kama haɓar ƴarta ta juya mata fuska.

Auta ta juya dama, ta juya hagu. Ƴan ƙungiyarta suna nan a jere, kowa ido a tapi, har mai jan takalmin aro. Ta ɗaga murya ta ce, "Ni ce!" Muryarta siririya ce, kuma ba mikro a hannunta. Ta sake cewa, "Ku duba, ni ce!" Mai kiɗa ya ƙara sauti.

Ba mugunta suka yi mata ba, wannan na tabbata. Da tsanarta suke da sun kalla, sun yi ihu, sun kai labari kasuwa kafin magariba. Kara suka yi mata, suka yi wa Baba, irin karar da ba ka da bakin ƙin karɓa. Ina tsaye ina kallonta ita kaɗai a tsakiya, tausayi ya kama ni, haushi ma ya kama ni ban san na wa ba. Can ƙasan raina kuma na ji sanyi, don na ga yau ba za a yi tashin hankali a gidanmu ba.

Wata tsohuwa ce ta kawo ƙarshen tsayuwar, mai saida goro a bakin filin, da ta san mu tun muna goye. Ta ratso a hankali kanta a ƙasa, ta duƙa da ƙyar ta tattara rawanin, ta karkaɗe yashin, ta danƙa mata a hannu. Ta ce, "Ɗana, rawaninka ya kwance. Gyara, ka ji." Ta juya ta koma wurin farantinta.

Aka kira shugaban ƙungiya ya karɓi kofi, aka tafa masa sosai, don kowa ya sami inda zai kai idonsa.

Ba ta gyara ba. Ta fita daga filin kai a buɗe, rawani a hannu yana jan ƙasa, na bi ta a baya ina kiranta ba ta waiwayo ba. Duk layin da muka bi sai mutane su sami aiki. Mai butik ya shige ciki yana gyara kwali. Mai fanke ta duƙa tana hura wutar da ke ci sarai. Na ce mata, "Auta, yafa ko mayafina ne." Ta ce, "Saura mutum ɗaya."

Baba yana tsakar gida a kan tabarma, ya naɗe hannun riga yana jiran ruwan alwalar magariba, wanda kullum ita ke kawo masa. Inna na bakin murhu. Bai taɓa ganin Auta cikin wannan shiga ba, don kullum kafin ya dawo ta canza. Ta je har gabansa ta tsaya, wando, mayo, jan takalmi, ko durƙusawa ba ta yi ba. Inna ta saki muciya.

Ta ce, "Baba, ni ce nake rawa a kango. Ni ce Jan Takalmi. Yau na ci konkur, na kwance rawani gaban kowa, har da Baba Ƙarami."

Na jingina da bango ina jiran mari. Ita ma shi take jira, na ga ta ɗan miƙa fuska.

Baba ya dubi hannunsa, ya gyara naɗin rigar da ya riga ya gyara. Ya daɗe. Sannan ya ɗago, ya tsallake ta da ido, ya sauke a kaina.

Ya ce, "In ƙanwarki ta dawo, ki ce ta kawo mini buta. Lokaci na tafiya."

Ta tsaya a wurin har ladan ya fara gyaran murya. Sannan ta juya ta shiga ɗaki, na ji takalman sun faɗi ɗaya bayan ɗaya. Ta fito da zane da kallabi, ta cika buta a randa, ta kawo ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

Ya dube ta sosai, fuska da fuska, ya ce, "A'a, Auta, kin dawo? Sannu."

Ta ce, "Na dawo, Baba."